Kashe Fitila ko Rage Zafi: Wanne Ya Fi Rage Kuɗin Wuta?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya. Ta ce wata uku ke nan tana bin yara suna kashe fitilu, tana zare cajar waya daga soket, amma mita na cinye yunit kamar da. Shin ta ƙara matsawa kan fitilu ne, ko ta koma kan wanki da girki?

'Yar'uwa, ƙoƙarinki bai tafi a banza ba, sai dai kin tsare taga ne alhali ɓarawon ta ƙofa yake shiga. A yawancin gidaje, abin da ke yin zafi yana cikin abubuwan da suka fi shan wuta. Ga yadda za ki auna da kanki: duba bayan na'urar ko ƙasanta, za ki ga an rubuta wat nawa take ci. Ninka shi da sa'o'in da take aiki, ki raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne yunit ɗin da mita ke cirewa.

Mu fara da ɓangaren da kike tsaro. Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki, mai wat 60, in yana ci sa'a 5 kullum, yana shan yunit 9 a wata. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da kusan hasken nan da yunit 1.35 kacal. Ƙwai biyar in aka canza, an tsira da kusan yunit 38 a wata. Wannan riba ce ta gaske, amma canjin sau ɗaya ake yin sa. Da zarar gidan ya koma LED, ƙwan da yaro ya manta a kunne sa'a 10 bai wuce yunit 0.09 ba. Ita kuwa caja ta zamani da aka bari a soket ba waya, ba ta kai rabin wat ba, wato ƙasa da rabin yunit a wata guda cur.

To ga ɗaya ɓangaren. Tafasa lita ɗaya ta ruwa a butar lantarki na cin kusan yunit 0.1. Wanda ya cika butar lita biyu don shayi kofi ɗaya, ya bar sauran ya huce, in ya yi haka sau uku ya zubar da fiye da abin da cajar nan za ta sha a wata. Ruwan wanka ya fi haka ciwo. Ɗumama lita 20 daga digiri 25 zuwa 40 yana cin yunit 0.35, mutum huɗu kullum, yunit 42 ke nan a wata. In hitar bango ce mai tanki kuma ana barinta a kunne yini da dare, zafin yana sulalewa ta jikin tankin, ita kuma tana ta sake ɗumama ruwan da ba wanda ya taɓa. A kunna ta minti 20 zuwa 30 kafin wanka, a kashe.

Wanki shi ne inda bambancin ya fi fitowa fili. Motar da ke juya injin wanki ba ta cin wuta sosai; yawancin abin da injin ke sha yana tafiya ne wajen ɗumama ruwa. Kai lita 15 daga digiri 25 zuwa 60 kaɗai yunit 0.6 ne. Kayan sawa na yau da kullum, masu gumi da ƙura, ruwan sanyi ko digiri 30 ya ishe su, kuma launinsu ya fi daɗewa. Amma ruwan sanyi yana da nasa cikas. Garin sabulu ba ya narkewa da kyau a cikinsa, shi ya sa kike ganin farin zane-zane a jikin baƙin wando. Narkar da shi a kofin ruwan ɗumi tukuna, sannan ki zuba. Tabon mai kuma ba ya fita sai an shafa masa sabulu an bar shi minti 15 kafin wanki. Shi kuwa jini ruwan sanyi yake so, zafi dafa shi yake yi ya kama zare. Zanen gadon mara lafiya, tawul da tsummokin kicin su ne suka cancanci digiri 60, a nan kada ki yi ƙwauro. Sau ɗaya a wata ki juya injin ba kaya da ruwan zafi, in ba haka ba maiƙo da ragowar sabulu za su taru a robar ƙofa, ki fara jin wari a kayan da kika wanke.

Yawan sabulu ba ya ƙara tsafta. Kumfa ce kawai ke ƙaruwa, injin ya ƙara ɗauraya, ruwa da wuta su tafi. Ki tara kaya har su kai kashi uku cikin huɗu na gangar, a bar wurin da tafin hannu zai shiga a sama. Sannan injin busarwa: lodi ɗaya na irin da aka saba yana shan yunit 2 zuwa 4, igiyar shanya kuwa ba ta shan komai. Juya masu launi ciki waje, ki shanya su a inuwa, riguna kuma a rataye su a hanga tun da ɗanyensu bayan an kakkaɓe, rabin gugar ta ragu.

Guga kanta a tara ta sau ɗaya a mako. Dutsen guga yana cin wat 1,000 zuwa 2,000, kuma kunna shi kowace safiya don riga ɗaya biyan kuɗin ɗaukar zafi ne sau bakwai. Fara da kayan roba masu son ƙaramin zafi, ki hau zuwa auduga, ki zare filogi ki ƙarasa hankici da ƙananan kaya da zafin da ya rage.

A girki akwai hanya biyu da ya kamata a jera. Tukunyar matsi, wadda ke kulle tururi, tana kai zafin ciki kusan digiri 120, shi ya sa wake ko nama mai tauri ke nuna a kusan sulusin lokacin da aka saba. Sharaɗinta: kada ta wuce kashi biyu cikin uku a cika, in wake ne kuwa rabi, domin kumfarsa na toshe ramin tururi. Robar murfi in ta tsufa ta taurare, tururi zai riƙa tsiyaya ta gefe, tukunyar ba za ta kama ba, wuta na ta ci. Ɗaya hanyar ba ta buƙatar sayen komai. A tafasa abinci, shinkafa minti 5, waken da ya kwana a jiƙe minti 15 yana tafasa sosai, a sauke da murfinsa, a naɗe tukunyar da bargo mai kauri a cikin kwando, har ƙasanta. Shinkafa ta nuna cikin sa'a guda, wake sa'a uku zuwa huɗu. Tana son tukunya cike da murfi mai kamawa, kuma ba a leƙawa. Hatsarinta shi ne mantuwa: in abinci ya sauka ƙasa da digiri 60 ya daɗe a haka, ƙwayoyin cuta na hayayyafa, dole a sake tafasa shi kafin a ci, in kuma ya kwana a naɗe gara a haƙura da shi. Mai gaggawa ta ɗauki tukunyar matsi. Mai iya ɗora girki da wuri, bargo ya fi mata sauƙi.

Firji ba ya hutawa, don haka ƙaramin laifinsa babba ne. Sa shi a digiri 4, firiza a 18 ƙasa da sifili. Maƙale takarda a ƙofar ki rufe, ki ja. In ta zare ba tirjiya, robar ta saki, sanyi na fita. Ƙanƙarar da ta wuce kaurin rabin santimita a narkar da ita, a kuma janye firjin daga bango da murhu don bayansa ya sha iska.

Shawarar da za mu ba ki ita ce ki canza ƙwayayen da suka rage zuwa LED, ki sakar wa yara mara kan caja, ki mai da ƙarfinki kan hita, injin wanki da tukunya. Rubuta lambar mita yau da safe, ki sake rubutawa bayan kwana bakwai ba tare da canza komai ba. Mako na biyu ki kashe hita bayan wanka, ki yi wanki da ruwan sanyi, ki tara guga, sannan ki sake rubuta lambar mita, ki ajiye yunit ɗin da kowane mako ya ci gefe da gefe.