Hattara da mai ajin saƙa da ke alkawarin sayen abin da kika saƙa

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Hunturu ya kawo jiki, kuma kun san in lokacin kayan sanyi ya zo, masu neman na banza su ma kakarsu ce. Ta bana ta faɗa kan ƙanwata, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Wata mata ce ke yawo da talla a zaurukan WhatsApp na mata. Ta ce cikin mako ɗaya za ta koyar da saƙa iri biyu, ta kwarashi da ta tsinke biyu, za ta aiko da kayan aiki har gida, kuma duk hula ko safa ko shawul ɗin jarirai da ɗaliba ta saƙa, ita za ta saya. Wannan alkawarin sayen shi ya ja ƙanwata, ta tura N18,000. Sai bayan mako uku ƙunshi ya iso tasha: dunƙulen zare uku ƙanana da kwarashin roba guda ɗaya. Tsinken saƙa kuwa ko ƙyallinsa babu. Darasin ma bidiyon wasu Turawa ne da aka kwaso daga intanet. Haka ta daure ta saƙa huluna biyu ta tura hoto, aka ce wai hannunta bai faɗa ba, sai ta ƙara kuɗin "ajin gyara". Da ta ce a'a, aka cire ta daga zauren, aka toshe lambarta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da ta nuna mini tallar tun farko, da ko sisi bai fita ba. Na fi shekara ashirin ina saƙa, kallo ɗaya na yi wa hoton na gane matar ba ta taɓa riƙe zare ba. An rubuta "saƙar kwarashi ta hannu" a ƙarƙashin wata rigar sanyi, alhali jikin rigar layi-layi ne na ƙananan V, sumul kamar an goge. Wannan fuskar saƙar tsinke biyu ce, ko ta keken saƙa. Kwarashi ba haka yake fita ba. Shi ƙugiya ɗaya ce, madauki ɗaya kike aiki da shi, ki gama ki wuce na gaba, don haka saƙarsa takan yi kauri, ta yi ƙulli-ƙulli, ba ta miƙewa sosai. A tsinke biyu kuwa madaukai da yawa ne ke jere a kan tsinken lokaci guda, in ɗaya ya suɓuce sai ya warware ya gangara ƙasa, amma kayan sun fi laushi da bin jiki.

Ga wani abu da ya kamata kowace mai saye ta riƙe: inji yana yin irin saƙar tsinke biyu tun tuni, domin tun 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila, kuma keken da ke gidajenmu jikansa ne. Amma kwarashi na gaskiya har yau hannu ke yin sa. To in kika ga an jera riguna talatin iri ɗaya sak, an ce kwarashi ne, ga arha kamar gwanjo, ki san da walakin. Sannan kwarashi ya fi cin zare. Dunƙule uku masu giram 50 ba za su fitar da shawul ba ko da wace gwanar ce.

Zaren ma an ce wa ƙanwata ulu ne zalla. Na yanko kaɗan na kunna masa ashana. Ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, ya bar tokar da ke murmushewa a yatsa. Wannan narkewa ya yi, ya dunƙule baƙi ƙirin kamar leda. Akirilik ne, wato zaren roba. Ni ba na raina akirilik, da shi nake yi wa jarirai kaya don sauƙin wanki, amma a sayar mini da shi a kuɗinsa da sunansa.

Wasu hotunan tallar kuma, musamman na 'yar tsana da furanni, kwamfuta ce ta zana su. Ki buɗe hoton ki bi layin saƙar da ido, za ki ga ya narke cikin wani, ko ya ɓace a tsakiya.

Kafin ki biya wa kowane aji, ki ce malama ta kira ki a bidiyo ta saƙa layi biyu kina kallo. Ki duba sunan asusun, domin na wannan matar sunan namiji ne, bai yi kama da na tallar ba. Mun kai ƙorafi banki da shaidar tura kuɗin, mun kuma rubuta wa hukumar kare masu sayayya, FCCPC. Jiya wata maƙwabciya ta turo mini tallar nan dai, hotuna iri ɗaya, sai dai suna ya sauya, kuɗin rajista kuma ya koma N20,000.