Miksa ta daina jin magana: gyara ko sabuwa?

Duk mai yin kek ko cincin na sayarwa a Bauchi ta san wannan takaicin. Kin murɗa miksa zuwa lamba 1, ita kuwa ta zabura da gudun ƙarshe, fulawa ta bule ki har gira. Kafin ki nufi kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal sayen sabuwa, dakata tukuna. Galibi injin lafiyarsa ƙalau, abin da ke auna masa wuta ne ya gaji.

Fara da mafi araha, wato 'yan gawayi guda biyu da ke cikin injin, masu kai wuta ga sashen da ke juyawa. Idan sun cinye, miksa takan yi tartsatsi, ko ta riƙa tafiya tana tsayawa. Canza su ba babban aiki ba ne.

In kuwa gudu ɗaya ta riƙe ta ƙi sauka, zargi ya koma kan fanel, wato allon da ke auna wa injin wuta, musamman wani ɗan abu mai ƙafa uku da ake kira tirayak. Da ya ƙone sai ya saki wuta gaba ɗaya. A nan zaɓi biyu ne: a sauya abin da ya mutu kaɗai, ko a sayi fanel sukutum. A tsohuwar miksar Kenwood Chef irin A901, wadda kafasitarta (ɗan abin da ke tara wuta a kan fanel) kan fashe da hayaƙi da ƙauri, ni na fi son na farko. Mai gyaran talabijin da ya iya dalma zai canza kafasita da rezista da tirayak, ta koma aiki. Sabon fanel sai an yo oda daga Legas ko waje, kuma dole lambar samfurin ta dace.

Miksar KitchenAid wadda ake ɗaga kanta daban take. A bayanta akwai faranti mai sukurori da ke daidaita gudu, wani lokaci saiti kawai take so. Amma duba rubutun gindinta: ta kasuwar Amurka wutar 120 take sha, tamu kuwa 230 ce. Irin waɗannan na gwanjo, rashin taransifoma mai sauke wuta kan ƙona su, kuma ko an sa sabon fanel haka zai sake ƙonewa. Kamfanin ma ya ce kada a wuce lamba 2 wajen kwaɓin burodi.

Ƙananan miksa masu jikin roba kuwa, idan kuɗin gyara ya doshi rabin farashin sabuwa, ki haƙura da ita.

Abu ɗaya ne ba zan yarda da shi ba: mai gyara ya ce "Hajiya, bari in haɗa miki dairek." Ya tsallake fanel ke nan, ya bar ki da gudu ɗaya mai cinye haƙoran giya. Ranar karɓa ki tafi da ɗan kwaɓi mai tauri a roba, a gwada kowace lamba a gabanki, don miksa ba ta nuna halinta da kwano fanko.