Wasiƙa daga Heidelberg zuwa ga Malam

Assalamu alaikum Malam, da fatan iyali da ɗalibai suna lafiya.

Kun tambaya ko injina ne suka sa aikin Jamusawa ke sauri. Gaskiya injin PCR da nake aiki da shi, wato mai ninka kwafin DNA (sinadarin gado da ke cikin ƙwayar halitta), bai fi wanda ke sashenmu na gida da komai ba. Ya ɗaga zafi zuwa digiri 95 igiyar DNA ta rabu, ya sauko wajen 55 zuwa 60 firaima (ɗan guntun DNA mai nuna inda za a fara kwafa) ta kama, ya hau 72 sinadarin Taq ya kwafa, a maimaita kamar sau 30. Inda suka tsere mana shi ne abin da ake zubawa a ciki.

Firaima ta intanet nake oda, kwana ɗaya ko biyu ta iso a ambulan. Idan ina son karanta jerin DNA, sai in jefa ɗan bututun a wani akwati da ke ƙofar gini da yamma, da safe sakamako yana imel ɗina, kuɗin kuma yuro kaɗan ne. Ku tuna yadda muke jiran irin wannan wata da watanni, kaya su iso ƙanƙarar cikinsu ta narke, a biya da dala kuma a zubar.

Sai sanyi. Firizar da ke riƙe digiri 80 ƙasa da sifili ba ta taɓa yin shiru. In zafinta ya ɗan hau, ƙararrawa ke kiran mai gadi ko da tsakar dare. Ƙwayoyin halittar da muke reno suna digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari, ba mai kwana da fargabar ɗaukewar wuta.

Amma ba komai nasu ke burge ni ba. Robar da muke zubarwa a rana, tsinin fifet (abin awon ɗigon ruwa) da safar hannu, abin ya yi yawa. Inji kuwa in ya lalace, ba mai kusantarsa da sukundireba, sai a jira injiniyan kamfani, kuma kiransa kawai tsada ne. Masu gyaranmu da tuni sun tayar da shi.

Shawarata, in kuɗin bincike ya fito, a fara sa wa firiza sola da batura kafin a yi maganar sabon inji. Akwai kuma haɗin PCR busasshe da ba ya buƙatar ƙanƙara a hanya. Shi zan ba wani mai dawowa gida ya kawo muku. A gaida su Hajiya.