Final Fantasy Tactics ko Fire Emblem: wanne ya dace da mai rabin awa?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya jiya. Yana tsaron shago a Babbar Kasuwar Sakkwato, ba ya isa gida Mabera sai bayan Magariba, kuma abin da ke rage masa bai wuce rabin awa bayan Isha'i ba. Tsakanin wasannin bidiyo biyu na tsara yaƙi, Final Fantasy Tactics da Fire Emblem na Game Boy Advance (ƙaramar na'urar wasa ta hannu), wanne zai kama?

Malam, kama Fire Emblem. Ba don ya fi daɗi ba, a wurina ma Tactics ya fi shi labari nesa ba kusa ba. Dalilina ɗaya ne: yadda kowannensu ke barin ka ka ajiye shi.

Fire Emblem na 2003, wanda ake farawa da jaruma Lyn, yana adana wasanka da kansa a tsakiyar yaƙi. Ciniki ya shigo, ko caji ya ƙare babu wuta, ka kashe. Gobe ka tarar da kowane soja a inda ka bar shi. Babukan farko gajeru ne, koyarwa ce kawai. Na gaba suna da tsawo, amma kana iya raba babi ɗaya kwana uku. Inda yake cin lokaci shi ne mutuwa. Sojan da ya faɗi ya tafi ke nan, sai dai ka sake babin daga farko. Nan fa sai ka daure. In ba wanda ka dogara da shi ba ne, ka yi masa ta'aziyya ka wuce.

Tactics, wanda kamfanin Square ya fitar a PlayStation a 1997, ba haka yake ba. A tsohon, ba ka adanawa sai a kan taswira ko tsakanin yaƙi da yaƙi. Amma ba yaƙin ne ke cinye dare ba, shiri ne. Za ka zauna kana sauya wa sojoji sana'a, kana tara maki don buɗe sana'ar Ninja, kana gwada sulke a shago, sai ka ɗaga kai ka ga sha biyu ta gota ba ka yi yaƙin labari ko ɗaya ba. Ni ya sha yi mani haka, ga Asuba na jira.

Abin da Tactics ya fi Fire Emblem da shi: War of the Lions, gyararrensa da ya fito a na'urar hannu ta PSP a 2007, akwai shi a Android, wato yana cikin aljihunka. Sai dai da zafin Afrilu na garin nan, waya kan yi zafi kamar garwashi kafin yaƙi ya ƙare.

In ka nace sai Tactics, ka bar shi ya zama na ranar hutu. Kuma kafin ka shiga fadar Riovanes, ka adana a gurbi biyu, domin Wiegraf, maƙiyi mai wuyar kayarwa, na ciki kuma babu hanyar komawa baya neman ƙarfi.