Shagon buga hoto da ya "gyara" mini taswirar Planck

Ga masu neman inda za su buga babban hoto a Makka, akwai wani ƙaramin shago a wajen Shari'a Mansur, na wani yaro Bahaushe haifaffen nan. Aikinsa yawanci katin biki ne da allon shaguna. Ni kuwa taswirar Planck na kai masa, don yaran da nake yi wa darasin kimiyya da yamma.

Taswirar mai siffar ƙwai ce, cike da ɗigo-ɗigon ja da shuɗi. Hoton haske mafi tsufa ne a sararin samaniya, wanda ya taso kimanin shekara 380,000 bayan farkon halitta. Tauraron ɗan'adam na hukumar sararin samaniyar Turai mai suna Planck, da aka harba a 2009, shi ya auno hasken yana nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, aka fitar da taswirar a 2013. Hasken ya huce, ya kai wajen digiri 270 ƙasa da sifili, kuma bambancin zafin wuri ja da na wuri shuɗi bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 ba. Ɗigon nan su ne irin da taurari suka tsiro daga gare shi, don haka su ne abin kallon.

Da na koma karɓa, sai na tarar hoton ya yi sumul. "Kawu, fayil ɗinka duk datti ne, na goge maka shi a kwamfuta," in ji shi, yana jiran godiya. Abin dariya, sai ya fito kamar taswirar COBE, tauraron ɗan'adam na Amurka na 1989 da ya riga Planck auna hasken nan, mai manyan dabbare-dabbare. Aikin COBE ya kawo wa John Mather da George Smoot kyautar Nobel a 2006, amma ni ba irin taswirarsa na biya ba.

A nan ne yaron ya burge ni. Bai yi musu ba, ya ja kujera ya ce in yi masa bayani, ya sake bugawa bai ƙara ko riyal ɗaya ba. Na biyun ya fito tas, ko ka matsa kusa kana ganin kowane ɗigo, sai dai jan ya ɗan yi ƙarfi. Takardar mai kauri ce, ba ta nannaɗewa a bango.

Ku je bayan La'asar, da safe a rufe yake. In hoton kimiyya ne, ku gaya masa tun farko kada ya taɓa komai.