Jagoran kamun kifi a tafkin Kainji: mai kwalekwale ko mai jirgin inji?

Masu zuwa Yawuri da ƙugiya suna yawan tambayar wa za su ɗauka.

Basarke, wato masunci na gado, da ke tuƙa kwalekwale ya fi araha, ba kuɗin fetur. Ya san inda tarwaɗa da ƙarfasa ke kwanciya a bakin ciyayi, kuma shirunsa ba ya korar kifi. Amma iska na tasowa, dole ku koma gaɓa.

Mai inji yana kai ka zurfi wajen giwan ruwa. Haɗarinsa kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka yi tafkin a 1968, masu fasa jirgi. Kada ka shiga sai da rigar ceto. Ku daidaita kuɗin mai tukuna.

Sabon shiga ya nemi Basarke ta hannun Sarkin Ruwa. Mai neman babban kifi ya ɗauki inji.