Fayif ɗin gini a Jamus da namu na Gombe: maganar kauri

Assalamu alaikum Yaya, da sauran 'yan uwa masu walda a Gombe. Kun yi tambaya ko ƙarfen nan Jamus ya fi namu. Ƙarfen kusan ɗaya ne, sayarwar ce ta bambanta.

A gida mutum ya ce a ba shi inci biyu, ya ɗaga ya ji nauyi, shi ke nan. A nan sai ka faɗi lamba uku, misali 50x50x3, wato faɗin fuskokin biyu da kaurin bango a milimita, ka ƙara da ajin ƙarfen, S235 ko S355. Kayan na zuwa da takardar masana'anta, kuma ƙa'idar Turai ta EN 10219 ba ta yarda kaurin irin wannan fayif ya kauce da fiye da kashi 10 cikin 100 ba.

Ko babu takarda, sikeli ya ishe ku. Fayif 50x50 mai kauri milimita 2 yana da kusan kilo 2.9 a kowace mita, sanda mai mita 6 ke nan kilo 17 da rabi. Mai milimita 3 kuwa kilo 25 ne. In kun ɗora ya nuna kilo 11, kaurin bai wuce 1.2 ba, komai rantsuwar mai shago. Ku auna tsawon sandar ma.

Wannan siririn shi ne ya fi damuna. Ba ya karyewa, bangonsa ne ke loɓawa kamar gwangwanin madara, tun ƙarfen bai kai ƙarshen ƙarfinsa ba. Tankin lita 1,000 tan ɗaya ne na ruwa, ga iskar farkon damina tana turo shi ta gefe. Don Allah kada a yi masa ƙafafu da shi. Wajen walda ma sandar walda mai milimita 3.2 huda shi take yi, sai an koma 2.5 an rage wuta.

Siffa kuma aiki ke zaɓenta. Zagayayye ya fi dacewa da ginshiƙi, yana jure murɗewa, iska ma ba ta kama shi sosai, amma yanka bakinsa ya zauna a jikin wani akwai wahala. Mai kusurwa huɗu ya fi sauƙin haɗawa. Na ɗaukar kwano a rufi kuwa, 100x50 ake so, a tsayar da shi ta doguwar fuskar. In aka kwantar da shi, lanƙwasawarsa kusan ninki uku ce da kaya iri ɗaya.

Sai tsatsa, wadda ta ciki take ci inda fenti ba ya kaiwa. A nan ko a toshe baki biyun da walda ruf, ko a bar ƙaramin rami a ƙasa ruwa ya riƙa fita. Kuɗin aiki a nan yana da tsada ƙwarai, namu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, don haka toshe bakin fayif ba zai ci muku komai ba.

A gaida mutanen gida.